Yadda ake gina gidan dattawa masu zaman kansu, daga zaɓen fili zuwa miƙa makulli

Tambayar nan ta yi ta zuwa mini daga Garwa da Marwa da Ngaundere, har da wasu 'yan uwa na Kusiri da Njamena: mutum yana da fili, yana son ya yi sassa uku ko huɗu domin dattawa, ko dai iyayensa da ƙannensu, ko 'yan fansho da za su kama haya, to daga ina zai fara? Dattawan da nake nufi su ne masu sauran ƙarfinsu. Suna dafa abincinsu, suna zuwa masallaci da kasuwa da ƙafarsu, ba sa son zama a ƙarƙashin suruka, kuma ba jinya suke ba. Irin wannan dattijo gini ne ke tsawaita masa cin gashin kansa, gini ne kuma ke gajarta shi. Saboda haka duk awon da zan bayar a nan na jikin da zai zauna a gidan nan da shekara goma ne, lokacin da gwiwa ta fara ƙi, ido ya rage, sanda ta shigo hannu.

1. Fili

Kafin ka dubi girman fili, ka taka da ƙafa daga bakinsa zuwa masallacin unguwa, da mai kayan miya, da shagon magani, a irin tafiyar tsoho. Idan ta wuce minti goma, ko sai an tsallaka babban titin da 'yan babur ke gudu, filin bai dace ba komai arharsa. Fili a bayan gari yana da sauƙin kuɗi, amma dattijon da aka kai can jam'i zai daina zuwa, 'yan gaisuwa su ɗauke ƙafa, kuma wannan ya fi tsufan kansa saurin karya mutum.

Ka je filin da damina, a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Ka dubi katangun maƙwabta, za ka ga layin da ruwa ya bari. A Garwa a kula da kwarin da ke kusa da Binuwai, a Marwa a kula da gefen rafukan nan biyu, mayo Kaliyawo da mayo Tsanaga. Wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a Kusiri da Yagwa da Njamena ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Hattara: baƙar ƙasar karal, wadda ake shuka muskuwari, wato dawar rani, a kanta, tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta tsaga gini tare da ita. Idan filinka irinta ne, kada magini ya yanke zurfin tushe da ido. A kira injiniya ya duba, ka sa kuɗinsa a lissafi tun farko.

2. Takardu

A Kamaru titre foncier ce cikakkiyar shaidar mallakar fili, kuma cinikin fili mai ita a gaban notaire, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, ake yin sa. Takardar da jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, ya sa wa hannu tana da amfani wajen shaidar unguwa, amma ba ta tsaya a madadin waccan ba. Izinin gini kuma, wanda dokar tsara birane ta 2004 ta wajabta, a ma'aikatar magajin gari ake nemansa da zanen gidan. Ka gama da shi kafin tifar yashi ta farko ta sauke.

Idan 'yan uwa ne kuka haɗa kuɗi, ku rubuta na waye filin, na waye ginin, a gaban shaidu. Rigimar gado ta sha fitar da tsohuwa daga ɗakin da aka gina da sunanta.

3. Ka zauna da masu shiga gidan

A nan mutane ke yin sauri, a nan kuma ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Ka zauna da Baba ko Inna ka tambaye su dalla-dalla: a gado suke kwana ko a katifa a ƙasa? Sau nawa suke tashi fitsari da dare? A zaune suke sallah ko a tsaye? Gawayi ko gas? Akwai jika da zai riƙa kwana? Akwai kaji ko 'yar akuya da ba za a rabu da ita ba? Hajiya tana sayar da wani abu a gida, ƙuli-ƙuli ko daddawa ko ƙanƙara? Amsoshin su ne za ka kai wa mai zanen gini. Dattijo mai mata biyu sassa biyu maƙwabta yake bukata, da ƙofa a tsakani. Tsohuwar da mijinta ya rasu tana son barandar da baƙin maza ba za su hango ta daga zaure ba.

4. Zane

Kada a yi bene. In filin ya matse har dole sai an hau sama, dattawa su zauna a ƙasa, a ba matasa haya a sama. Na'urar hawa bene ba abin dogaro ba ce a garin da ake ɗauke wuta.

A fili mai mita 20 a 25 sassa huɗu sun isa, biyu suna kallon biyu, tsakar gida a tsakani, zaure da inuwar bishiya a gaba. Za a ce maka shida za su shiga. Za su shiga, amma tsakar gidan za ta koma lungu, kuma a tsakar gida rayuwar take. Kowane sashe ya samu ɗakin kwana mita 3.5 a 4, falo kamar haka, banɗaki mita 2 a 2.2, ɗan kicin, da baranda mai zurfin mita 1.8 don a shimfiɗa tabarma kuma a bar hanyar wucewa.

Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar ya riƙe zafin har tsakar dare, don haka kada ɗakin kwana ya jingina da shi, a sa kicin ko ɗakin ajiya a can. Ƙofar banɗaki ta buɗe daga cikin ɗakin kwana, taku biyar ko shida daga gado. Tsarin da muka gada, makewayi a can ƙuryar gida, shi ne yake sa tsohuwa ta fito ƙarfe uku na dare da buta a hannu ɗaya da tocila a ɗaya hannun, ta tsallaka dokin ƙofa, ta sauka dakali, ta bi ta kan dabe mai laima. Ba ta da hannun da za ta dafa bango da shi. Ƙashin ƙugu idan ya karye a shekara saba'in da ɗori, da yawa ba sa sake tashi da ƙafarsu.

Kowace ƙofa ta zama santimita 90. Magina sun saba sa ta 70 ko ƙasa da haka a banɗaki, wadda keken guragu ba ya shiga, mutum biyu ma ba sa shiga tare idan ana riƙe da ɗaya. A falo da ɗakin kwana da banɗaki a bar sarari mai faɗin mita 1.5 inda keke zai iya juyawa.

5. Tushe, dabe da gangare

Nan akwai bukatu biyu masu karo da juna. Ruwan damina yana son a ɗaga gida, gwiwar tsoho ba ta son matakala. Mafita ita ce a cike filin gaba ɗaya a ɗaga shi, tsakar gida da baranda da ɗakuna su zama kusan daidai, sannan a yi gangare guda ɗaya mai kyau a bakin ƙofar gida. Tsakanin baranda da tsakar gida bambancin kada ya wuce santimita 2, a karkata daben tsakar gidan kaɗan zuwa rariya.

Ƙa'idar gangare: duk santimita 1 na tsayi yana bukatar santimita 12 na tsawo. Ka ɗaga gida santimita 30, gangarenka mita 3.6 ne. Ka ɗaga 45, mita 5.4. Faɗinsa santimita 120, da mariƙi a gefe biyu a tsayin santimita 90, da shimfiɗaɗɗen wuri a sama inda mutum zai tsaya ya buɗe ƙofa ba tare da keke ya koma da baya ba.

A wannan matakin za ka ji magini ya ce, “Alhaji, wannan ai ɓarnar fili ce, mita ɗaya da rabi ya isa, ko babur yana hawa.” Ka ce masa, “Malam, ba babur zai hau ba, Inna ce da sandarta.” Ka tsaya a kai a ranar da ake zubawa, domin gangaren da ya yi tsaye ya fi matakala haɗari. In fili bai ba da dama a miƙe ba, a kwantar da shi a jikin katanga. Kafin simintin ya bushe a ja shi da tsintsiya ya yi kaushi. Wanda ya fi son matakala a yi masa a gefe, kowane taki tsayin santimita 15, faɗin 30, duka daidai wa daida. Taki ɗaya da ya bambanta da sauran shi ke kayar da mutum.

Gargaɗi: babu dokin ƙofa a ko'ina cikin gidan. In ana tsoron ruwa ko ƙura, a sa roba a ƙasan ƙofar.

Gargaɗi na biyu: kankaren da aka zuba da bazara yana bukatar ban ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7. Ka sa wanda zai yi wannan aikin, ka biya shi daban.

6. Bango da rufi

A Garwa da Marwa, watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri kamar yaro, jikinsa kuma ba ya saurin huce zafi, saboda haka ɗaki mai zafi yana iya kai shi asibiti. Daga dabe zuwa silin a bar mita 3.2 ko fiye. Silin dole ne, kuma a bar ƙofofin iska masu raga tsakaninsa da kwano don zafin da ya taru ya fita. Kwanon ya zama mai haske, ya zarce bango da kusan mita ɗaya. A ɗaure katakon rufi da rodi a jikin linta, saboda iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas tana yaye kwano.

Jan bulo na gashi ko matsattsen tubalin ƙasa, irin wanda MIPROMALO, hukumar bunƙasa kayan gini na gida ta Kamaru, ke ƙarfafa amfani da shi, ya fi bulon siminti mai rami riƙe sanyi da rana. In bulon siminti za ka yi, ka rufa wa bangon asiri da baranda da inuwa. Dogon yaro yana da inuwa, titunan Marwa shaida ne, amma a dasa shi nesa da tushe da ramin masai, kuma a san cewa 'ya'yansa suna da santsi idan sun zuba a kan dabe.

Kowane ɗaki taga biyu a bango daban-daban don iska ta ratsa. Ta falo a sauke ta zuwa santimita 70 daga ƙasa, yadda wanda ke zaune zai ga masu shige da fice. A sa ragar sauro a duka. Ƙarfen tsaro na tagar ɗakin kwana a yi shi mai buɗewa daga ciki, saboda gobara.

Hattara da hunturu, musamman a Ngaundere: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum yana barci, kuma iskar da ke kisan ba ta da wari. A bar 'yar ƙofar iska a saman bango wadda ba a toshewa, a kuma gaya wa dattawan dalili.

7. Banɗaki

Idan kuɗinka ba su isa komai ba, su isa nan.

Tun ana jera bulo, ka sa a cike ramukan bulon da kankare daga santimita 70 zuwa 110 a duk bangon banɗakin. A wurin ne za a kafa ƙarfen dafawa. Wanda aka kafa a bulo mai rami yana tsigewa a ranar da mutum ya ɗora masa nauyinsa gaba ɗaya, wato ranar da ake bukatarsa. Mai walda zai yi maka da bututun da ba ya tsatsa, kaurin santimita 3 zuwa 4, a kafa shi a tsayin santimita 80 zuwa 85, ɗaya a gefen masai, ɗaya a wurin wanka, da wani a tsaye kusa da ƙofa. Ƙarfen rataye tawul ba ya ɗaukar mutum.

Masai na zama za a sa, mazauninsa santimita 45 zuwa 48 daga ƙasa. Dattawa da yawa suna ƙyamarsa saboda tsarki, kuma damuwarsu tana kan hanya. Maganin shi ne famfo a gefe inda hannu zai kai daga zaune, da 'yar mesa, da ɗan dakalin ajiye buta don kada a sunkuya. Idan Baba ya kafe sai na tsuguno, a yi masa, da ƙarfen dafawa a gefe biyu, amma a shimfiɗa bututun yadda za a musanya shi wata rana ba tare da fasa dabe ba. A ƙasarmu alƙibla gabas ce maso arewa, don haka a juya masan ya kalli kudu ko arewa. A faɗa wa mai aikin famfo tun kafin ya binne bututu.

Wurin wanka ba ya bukatar baho ko ɗan bangon tare ruwa. A karkata daben santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana, a gina dakalin zama mai tsayin santimita 45. Karo ko tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi. A shago ka zuba masa ruwa ka goga da tafin hannu, in ya zame ka bar shi, ko da shi ya fi kyau a ido. Launin dabe ya bambanta da na bango da na masai, saboda idon da yanar ido ta fara rufewa ba ya rarrabe fari a kan fari.

Ƙofar ta buɗe waje. Mutum idan ya faɗi a ciki jikinsa ne ke tare ƙofa mai buɗewa ciki. Sakatar kuma ta zama wadda za a iya buɗewa daga waje.

Wurin alwala a yi shi a baranda: mazauni santimita 45, famfo a gabansa, magudana a ƙasa, ƙarfen dafawa a gefe, a inuwa don kada ƙarfen ya yi zafi. Sau biyar a rana ake zuwa wurin nan, ya cancanci a tsara shi.

8. Wuta, ruwa da kicin

Makunnin fitila a tsayin mita 1, soket a santimita 50 zuwa 60 don kada a durƙusa. Fitilar ɗakin kwana ta samu makunni biyu, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a kan gado. A sa wayar ƙasa da na'urar yanke wuta mai 30 mA, wadda ke katse lantarki idan ya kama mutum. Kowane sashe da mitarsa ta kati, a kafa ta daidai ido, don kada a yi rigimar wa ya sha wuta. Ƙaramin sola da batir wanda zai riƙe fitilar ɗaki da ta banɗaki da fanka ɗaya har asuba ya fi kwandishan amfani, tunda kwandishan yana tafiya tare da wutar gari. A ja ƙararrawa daga gefen gado da kuma banɗaki zuwa ɗakin mai kula da gida ko sashen maƙwabci.

Ruwa: ka lissafa lita 50 ga mutum a rana. Sassa huɗu masu mutum bibbiyu lita 400 ke nan, tankin lita 2,000 zai kai kwana biyar idan famfon kamfanin ruwa na Camwater ya ɗauke. Lita 1,000 tan ɗaya ce, don haka hasumiyar tankin aikin injiniya ce. A yi wa tankin rumfa, in ba haka ba ruwan azahar zai iya ƙona fata. Kan famfo ya zama mai hannu da ake turawa, yatsun da sanyin ƙashi ya kama ba sa iya murɗawa.

A kicin, teburin girki santimita 85, kantoci kada su haura santimita 140. Tukunyar gas a waje, cikin ɗan akurki mai iska. Mai girki da gawayi a gina mata murhu a gefen baranda, a ɗaga shi santimita 40 yadda za ta zauna a kujera sosai ta tuƙa tuwonta.

9. Kuɗi

Ka sa a rubuta maka lissafin kaya da yawansu, sannan ka ninka da farashin ranar da kanka. Ga abin da za ka auna lissafin da shi. Bulo mai santimita 15 a 20 a 40, kusan guda 13 ake bukata a kowace murabba'in mita ta bango. Sashe ɗaya irin wanda na kwatanta yana da bango kusan murabba'in mita 100, wato bulo kusan 1,300. Buhun siminti mai kilo 50 yana ba da bulo 30 zuwa 35 masu ƙwari, kusan buhu 40 ke nan na buga bulo kaɗai. Mai buga 50 da buhu ɗaya yashi yake sayar maka, araha kuma ba ta ado. Kankaren ginshiƙi da linta buhu 7 ne a kowane kubik ɗaya, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Daben sashe ɗaya da barandarsa, kaurin santimita 8, zai ci buhu 22 ko kusa da haka. A kan jimillar ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba. Ko da masana'antar siminti ta Figil tana kusa, kada ka tara siminti na watanni, musamman da damina, yana daskarewa a buhu.

Ƙofa mai faɗi, cike bulo, karkata dabe, sauke makunni: duk waɗannan kusan ladan magini ɗaya ne idan an yi su tun farko. Bayan an gama gini kuwa sai an fasa, a sayi kaya sau biyu, a biya aiki sau biyu. Inda za ka rage shi ne adon gaban gida, silin mai zane, tayil mai ƙyalli da ƙaton get. A biya magini mataki-mataki, tushe, linta, rufi, shafe, bayan ka auna da tef ɗinka.

10. Yarjejeniya da gwaji

In haya ce, a rubuta: nawa, wa zai biya, dattijon ko 'ya'yansa, yaushe, da wa'adin da za a ba shi idan za a ƙara kuɗi. A rubuta lambobin mutum biyu da za a kira idan ya kwanta rashin lafiya, da wanda zai riƙe makulli na biyu, wanda shi dattijon ya zaɓa da bakinsa. A amince tun farko a kan kwanan jikoki da kiwo da sharar tsakar gida. Mai kula da gidan ya zama mutumin unguwa da aka sani, mai ɗaki kusa da zaure, wanda zai yi sallama a kowace ƙofa da safe. Ba a shiga ɗakin kowa sai da izininsa, in ba an kira shi an ji shiru ba.

Kafin ka biya magini cikon kuɗinsa, ka aro keken guragu, ka zauna a ciki, ka tura kanka daga titi zuwa masan kowane sashe. Duk inda ka maƙale, a gyara. Ka juye bokiti biyu a kowane banɗaki ka ga ko ruwan ya kwanta ko ya nufo ɗaki. Ka rataya nauyinka a kan kowane ƙarfen dafawa. Ka dawo bayan isha'i, a kashe wutar gari, ka bi hanyar gado zuwa banɗaki da hasken sola kaɗai, ka danna kowace ƙararrawa wani yana sauraro a ɗaya gefen. Daga nan ka kawo wanda zai zauna a sashen ya zagaya da kansa, ya buɗe famfo, ya zauna a wurin alwala, ya gwada sakata, kai kuma kana rubuta abin da ya ce a sake. Sai an gyara waɗannan za a biya cikon a miƙa makulli.